Keke Ba Rigar Salla Ba Ne

'Yan'uwa mazauna Kurmi, na Sabo da Shasha da Ojoo a nan Badun, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Ikko, na Shagamu da Abekuta, har zuwa Anacha da Fatakwal, barkanmu da war haka.

Yau maganar keke nake so mu ɗan taɓa. Kada wani ya ɗauka Keke Napep nake nufi, wanda mutanen Ikko ke ce wa Keke Marwa, na Kano kuma A-daidaita-sahu. A'a, keke dai mai ƙafa biyu, dokin ƙarfen da muka taso muka tarar, wanda su ma Yarabawa da wannan sunan suke kiransa. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka dabaibaye mu a rasa abin tattaunawa sai kayan wasan yara? To ai ya daina zama kayan wasa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaban ƙasa ya sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin Micra da na acaba suka bi sahu. Magidanci mai yara uku ko huɗu, boko da safe islamiyya da yamma, in ya zauna ya buga lissafin abin da sufuri ke cinyewa a wata, sai ya ga gara ya runtse ido ya sayi keke. Shi ya sa kekuna suka ƙaru a lungunan Sabo a 'yan shekarun nan, kuma abin da nake gani a kan wasunsu ne ya hana ni yin shiru.

Ni dai a Haɗeja na taso, na kuma yi kusan shekara uku ina yaron wani mai keken haya da faci kafin a turo ni Kurmi wurin kawuna. A rumfar nan na koyi cusa boris da giris, da miƙar da wili, da gane keken da ya taɓa cin karo ko da an shafe shi da sabon fenti. Bayan haka Allah ya ba ni 'ya'ya biyar a garin nan, huɗu sun iya keke, autar tana hanya.

Mu Hausawa muna da wata ɗabi'a wajen yi wa yaro sayayya, kowa ya san ta. In za a ɗinka masa kayan Salla sai a ce wa tela ya ƙara tsayi, a naɗe ƙafar wando a kama da zare, baɗi a warware. Takalmi kuwa a ɗauko wanda ya fi ƙafarsa da lamba ɗaya ko biyu, a cusa takarda a gaba. Dalilin a bayyane yake, yaro girma yake yi, kuɗi kuma ba a ƙasa ake tsintar su ba. A tufafi wannan dabara ba ta da aibu, iyaka dai yaro ya yi ta jan riga a ƙasa har ya cika ta. Matsalar ita ce mun ɗauko lissafin nan mun kai shi kan keke. Uba zai shiga kasuwa da ɗan shekara bakwai, ya tsallake keken da ya yi masa daidai, ya nuna na ɗan shekara goma sha biyu ya ce wannan zai girma da shi. Mai kaya kuwa me ya dame shi, babban ai ya fi tsada. Sai ka ji yana cewa, "Alaji, ka yi dabara, wannan har jami'a zai kai shi."

Ban ga laifin kowa ba, don mu ma a kan na manya muka koya. Keken mahaifinmu Raleigh ne, ƙirar Ingila, mai taya inci 28, irin wanda a lokacin in mutum ya mallaka sai an zo taya shi murna. Kamfanin har masana'anta ya taɓa kafawa a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, duk girman manya. Ba mu san wani abu wai shi keken yara ba. Ƙafa muke zurawa ta ƙarƙashin sanda, mu maƙale a gefe kamar ƙadangare a bango, mu yi ta tafiya a karkace. Mun faɗi ba adadi. Amma a ina muke faɗuwa? A kan yashi, a fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, inda abin da za ka yi karo da shi bai wuce akuya ko jaki ba. Ka tashi ka kakkaɓe, a gasa maka wurin da ruwan zafi, gobe ka koma.

Badun ba haka take ba. Garin nan a kan tuddai aka gina shi, sunayen unguwanninsa ma sun faɗa: Oke-Ado, Oke-Bola, Oke-Are, "oke" a bakinsu tudu ke nan. Mu na Sabo ga tudun Mokola nan a maƙwabtanmu. Da wuya ka yi tafiyar minti biyar a keke ba ka hau ko ka gangara ba. Gefen titi kwata ce ta siminti a buɗe, wani wurin zurfinta ya kai ƙugu. Ga 'yan Micra masu tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, ga acaba, ga ruwan sama da ke farawa tun Maris ko Afrilu ba ya ɗaukewa sai Oktoba. A irin wannan wuri, yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, yatsunsa ba su kai birki ba, an ɗora shi ne a kan abin da zai iya tayarwa amma ba zai iya tsayarwa ba.

Shekara biyu da suka wuce an sayo wa ɗan wani maƙwabcinmu, yaro ɗan shekara takwas, sabon keke mai inci 26, ja jawur, da giya da komai. Ko sati bai yi ba aka aike shi sayen burodi. Yana gangarowa wata mota ta ci birki a gabansa, ya kai hannu ga nasa birkin, yatsunsa suka kamo bakin ƙarfen suka zame. Ya nemi sa ƙafa a ƙasa, sanda ta tokare shi. A cikin kwata ya ƙare. Allah ya taƙaita, karaya ce a hannu da haƙoran gaba guda biyu. Kuɗin hoton ƙashi da ɗori da zirga-zirgar asibiti sun ninka ribar da uban ya yi zaton ya ci, zangon karatu guda ya salwanta, keken kuma yana nan jingine a bayan ɗaki yana tsatsa, don yaron ko kallonsa ba ya son yi. Da muka je dubiya uban ya ce da ni, "Malam, wallahi don ya daɗe yana mora na sayo babba." Na ce, "Na sani, Alhaji, Allah ya kiyaye gaba." To me zan ƙara? Niyyarsa ta alheri ce.

Yaya ake gane wanda ya yi daidai? Keken yara da girman taya ake auna shi, kuma lambar tana rubuce a jikin tayar. In ka duba za ka ga an sa kamar 16 x 1.75 ko 20 x 1.95, lambar farkon ita ce girman a inci. A ƙiyasi, inci 12 na ɗan shekara 2 zuwa 4 ne, 16 na 4 zuwa 6, 20 na 6 zuwa 9, 24 na 9 zuwa 12, daga nan sai 26 da ya shiga sahun na manya. Amma kada a kafe a kan shekaru, domin yara ba tsayi ɗaya suke yi ba. Tsayin da 'yata ta fari ta yi tana shekara tara, ƙanenta bai kai shi ba sai da ya shiga sha ɗaya. Ari tef ɗin tela, ka tsayar da yaro a jikin bango ba takalmi ka auna. Wanda ke tsakanin santimita 115 da 135 yawanci inci 20 ne nasa, mai 130 zuwa 150 kuma inci 24.

Duk da haka, gani ya kori ji, ka tafi da yaron kasuwa. Na san da yawanmu muna son yi wa yaro ba-zata, ya tashi da safe ya ga keke a tsakar gida, amma murnar safiya ɗaya ba ta kai lafiyarsa ba. Ka sa ya tsaya keken yana tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a samu ratar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da sanda. Sannan ya hau sirdi. In sabon koyo ne, ƙafafunsa biyu su taka ƙasa sosai yana zaune. In ya riga ya iya, ya isa yatsun ƙafa su taɓa, gwiwa kuma ta rage 'yar lanƙwasa idan feda ta kai ƙasa. Ya kama kan keken ba tare da ya miƙe kamar mai ɗauko abu a saman kanta ba, ya juya shi dama da hagu, kada gwiwarsa ta bugi kan. Na ƙarshe, wanda ya fi duka: ya matse birki da hannunsa, kai kuma ka tura keken. In taya ta ci gaba da juyawa, ko ka ga sai ya saki kan keken kafin ya kamo birkin, to a bar wannan komai daɗin bakin mai kaya. Wasu birkunan suna da ɗan sukurun da ake juyawa a matso da su kusa da hannu, a tambaya.

Girman da ake tsoro kuwa, ai maƙeran keke sun yi masa tanadi. Sandar sirdi tana ɗagawa, kan keken ma a yawancinsu haka. Ka sayi wanda ya yi wa yaro daidai sirdin yana ƙasa, duk bayan 'yan watanni ka ɗaga kaɗan. Da haka keke ɗaya kan yi shekara biyu zuwa uku. Akwai wani layi da aka zana a jikin sandar sirdin mai nuna iyakar da za a iya zarowa. Ranar da layin nan ya leƙo, yaro ya fi ƙarfin keken, lokacin na gaba ya yi. In aka wuce shi, sandar na iya karyewa ko ta tsaga bodin keken.

Sai nauyi, wanda kusan ba mai tambaya. Mu a wurinmu abu mai nauyi shi ne mai ƙwari, kuma a tukunya da ƙofa gaskiya ne. Amma ɗan shekara bakwai nauyinsa bai cika wuce kilo 22 zuwa 25 ba, alhali akwai kekunan yara na baƙin ƙarfe masu kaiwa kilo 14 ko 15. Kamar a ba ƙato mai kilo 70 keken da ya doshi nauyin buhun siminti ne a ce ya hau Mokola da shi. Masu harkar kan ba da shawarar kada keke ya wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin yaro. Samun haka a kasuwarmu da wuya, amma a yi ƙoƙarin kusantarsa. Gwajin mai sauƙi ne, kwantar da keken a ƙasa ka ce yaro ya tayar da shi ya tura ya haye dakali. In ya kasa a gabanka, ranar da ya faɗi a hanya ma ba zai iya ba. Abin da ke ƙara nauyin banza shi ne sifirin ɗin nan da ake maƙalawa gaba da baya don keke ya yi kama da babur, da tayoyi masu kaurin gaske, da robobin ado. Giya kuma, ɗan ƙasa da shekara bakwai ba ya buƙatarta. Daga inci 20 zuwa sama tana da amfani a garin tuddai, amma shida ko bakwai sun wadatar; mai 18 ko 21 yawan abin lalacewa ne kawai.

To sabo za a saya ko na gwanjo, wanda a nan ake ce wa tokunbo? Sabo mai kyau yana nan, amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu. Abin da ya rage a layin sababbi masu sauƙi shi ne masu ƙyalƙyali da hotunan 'yan tsana, hannun birki na roba, feda mai fashewa, noti mai laushi da sifana ke cinye wa kai tun ɗaurin farko. Araha ba ta ado. A nawa ganin, tokunbo mai asali da aka ɗan mora ya fi sabo marar asali nesa ba kusa ba, da sharaɗin a iya dubawa. In ba ka iya ba, ɗauki mai gyaran keken unguwarku ka biya shi ladan rakiya. Shi zai riƙa gyarawa, ba zai so ya zaɓo wa kansa wahala ba.

Ga yadda maigidana na Haɗeja ya koya mini. Fara da bodi, don shi ne ba a canjawa. Shafa hannu a bayan wuyan keke, inda sanduna suka haɗu da shi. In ka ji fenti ya tattare ko ƙarfe ya ɗan kumbura, keken ya taɓa cin karo ta gaba. Tsuguna ta gefe ka kalli ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, kada ya zamana ya koma baya. Duk inda ka ga sabuwar walda, tambayi dalili. Ɗaga kowace taya ka juya, ka sa ido tsakanin wili da robar birki. In wili yana rawa, yana taɓa nan yana barin can, ya karkace. Ƙaramar karkata ana gyarawa da ɗaure wayoyin wilin, babba kuwa sai canji. Riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki. Haka feda, kama ƙarfenta ka girgiza gefe da gefe. Kwance notin sirdi ka tabbatar sandar tana hawa tana sauka, domin a keken da ya daɗe a ajiye takan manne da tsatsa, in kuwa ta manne to ba zai girma da yaro ba. Taya da tiyub da sarƙa da wayar birki duk ana canjawa da kuɗi kaɗan, sai dai ka sa su cikin ciniki.

Akwai abubuwa uku da suka shafe mu musamman a nan. Na ɗaya ruwa. Wilin ƙarfe mai walƙiya in ya jiƙe robar birki zamewa take yi a kansa, keke ya yi ta tafiya kamar ba a matsa ba. Na alminiyam ya fi kamawa a jiƙe, ga shi ba ya tsatsa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, in ya manne ƙarfe ne, in ya ƙi alminiyam ne. A Haɗeja da damina ba ta wuce wata huɗu ba mu damu da wannan ba, amma a garin da ake ruwa fiye da rabin shekara dole a damu. Na biyu, tokunbo daga ƙasashe daban-daban yake zuwa. Na Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai a hagu. Yaron da ya saba da keken wansa in ya hau wani, yana gangara ya damƙe na gaba da ƙarfi yana zaton na baya ne, sai dai a gan shi ya tashi sama. A nuna masa tun ranar farko, in kuma akwai keke biyu a gida a sa mai gyara ya mayar da su iri ɗaya. Wasu ƙananan kekunan birkinsu na baya a feda yake, baya ake takawa. Yana da kyau ga yaro mai raunin hannu, amma a tabbata akwai na hannu a gaba, saboda in sarƙa ta faɗi birkin fedar ya tafi ke nan. Na uku kayan gyara. Akwai masu inci 14 da 18 da 22, ba laifi a jikinsu, amma ba kowane shago ke ajiye tayarsu ba. Bawul ma iri uku ne, kuma mai kauri irin na mota shi ne duk mai facin bakin titi zai iya ba wa iska.

Kada kuma a manta da irin suturarmu. Yaranmu da jallabiya da dogon wando suke zuwa islamiyya, 'yan mata da hijabi har ƙasa. Sarƙar keke ba ta tausayin tufa. In ta kama bakin wando, ko hijabi ya shiga tayar baya, faɗuwa ce ba makawa, hijabin ma har shaƙe wuya yake yi. Don haka murfin sarƙa wajibi ne, in babu a sa a yi. Ga 'ya mace a nemi marar sanda, a rufe mata saman tayar baya da raga, a koya mata tattare hijabi kafin ta hau. Na ji masu cewa keke ba na mata ba ne. Kowa da tsarin gidansa, ban shiga nan ba. Ni dai tawa ta fari da shi ta yi firamare ta gama, kuma ita ta koya wa ƙannenta.

In za a yi kasafin kuɗin keke, a sa hular kwano a ciki. Mutanenmu dariya suke yi in sun ga yaro da ita, a bar su su yi. Ta zauna daidai a ka, ratar yatsu biyu sama da gira, igiyarta a ɗaure. Ita kam sabuwa ta fi, don wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. A haɗa da ƙararrawa, da abin ƙyalli gaba da baya saboda masu tashi daga karatu bayan magariba. Sannan keke mai kyau ba lasisin hawa babban titi ba ne. A 2001 marigayi Ojo Maduekwe yana ministan sufuri, yana ta kiran jama'a su rungumi keke, bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa, Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. In direbobi ba su raga wa minista a titunan Abuja masu faɗi ba, ina ga ɗan Malam a shataletalen Mokola? Ɗan ƙasa da shekara goma lungu da fili ne nasa. Wanda ya wuce haka, ka bi shi da kanka ka nuna masa hanyar da zai riƙa bi, da inda zai sauka ya tura, kuma ba goyo a gangara.

Na san abin da ke ran mai karatu: wato Malam so kake in sayi keke uku kafin yaro ya shiga sakandare? Ai keke mai asali ba ya mutuwa a hannun yaro ɗaya. Mai inci 16 da na saya wa 'yata ta fari, bodinsa na alminiyam ne, yara huɗu sun hau shi a gidana, ya je gidan ƙanena a Ojoo ya yi biyu, yanzu ya dawo yana jiran auta. Abin da aka canja masa bai wuce taya da sirdi da wayar birki ba. Raba kuɗinsa gida bakwai ka gani. Sannan mu da ba ma rabuwa da juna, masallaci ɗaya, majalisa ɗaya, adashi ɗaya, me zai hana magidanta huɗu ko biyar su haɗa kai, wannan ya sayi 16, wancan 20, wani 24, in yaro ya wuce nasa a miƙa wa na baya, wanda ya karɓa ya ɗauki nauyin gyara? Littattafai da kayan makaranta ai tuntuni muna yin haka da su. In ma ba haka ba, tokunbo mai kyau in ka kula da shi, kana ɗiga wa sarƙa mai kana shigar da shi daga ruwa, ranar da ka kai shi kasuwa za ka samu mai saye, ka cika ka ɗauki na gaba. Shi kuwa mai ƙyalƙyalin, sai dai 'yan'uwanmu masu sayen ƙarafa su auna shi a kilo.

Amma ina ganin maganar ta wuce kuɗi. Mu mazauna Kurmi rabin hankalinmu kullum yana gida. Muna haya a ɗaki biyu muna gini a Kano ko Sakkwato. Kujera mai kyau, sai mun koma. Babban firij, sai mun koma. Akwai wanda ya ce mini babban keke ya sayo don in an tattara an koma gaba ɗaya yaron ya ci gaba da shi, ko a bar wa 'yan'uwa a can su riƙa zuwa gona. Ba laifi ba ne mutum ya tuna gida, kuma abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya tuna wa kowa dalilin da ya sa ba ma sakin jiki. Sai dai Sabon nan tun 1916 aka kafa shi, fiye da shekara ɗari ke nan, kuma ba na shakkar cewa waɗanda suka zo fataucin goro da shanu a lokacin, da yawansu su ma "bana ko baɗi" suke cewa. Ga jikokin jikokinsu nan a layinmu suna zuba Yarabanci kamar ruwa. Gini zai jira, kujera za ta jira. Shekara bakwai ta yaro kuwa sau ɗaya take zuwa, kuma a nan take wucewa, tsakanin tudun nan da kwatar nan. Kamata ya yi a saya masa abin da ya dace da jikin da yake da shi yau, da garin da ya buɗe ido a ciki.

Yaran ma in an yi musu bayani suna ganewa. Na huɗun nawa yana kan inci 20, idonsa kuma yana kan 24 ɗin wansa. Kwanaki ya ce da ni, "Baba, yaushe zan karɓi na Yaya?" Na kwance notin sirdi na nuna masa layin nan na ce ranar da ya leƙo. Tun daga nan duk Juma'a bayan an sauko sai ya zo da sifana mu gwada, ya tsaya a bango a ja masa alama da gawayi. A lissafina yana da sauran wata shida ko bakwai, a nasa lissafin sati biyu.

Wanda ya riga ya sayo babba, kada ya karaya. A jingine shi a inuwa a shafa masa giris har yaro ya kai, ko a yi musaya da maƙwabci mai babban yaro da ƙaramin keke. In ka tambaya a masallaci bayan la'asar za ka yi mamakin yawan masu neman haka. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su a hanya da gida, ya ba mu abin ɗaukar nauyinsu ta halal. A gaida mutanen gida.

Wassalamu alaikum.